Eya-furaya ta iya dankali mai cuku, amma a kan albasa ta ba ni kunya

Wata biyar kenan da na sayi eya-furaya, na'urar girkin nan ta lantarki mai gasa abinci da iska mai zafi, kuma in faɗa muku gaskiya abu ɗaya ne ya ja ni na saye ta, wato ƙananan dankalin turawan nan da ake gasawa a raba biyu, a ƙwaƙule cikin a haɗa shi da cuku a mayar cikin ɓawon, sannan a ɗora albasar da aka soya a hankali har ta koma ruwan zuma tana zaƙi. Abin taɓawa ne da ake ajiye wa baƙi kafin babban abinci ya sauka, loma ɗaya ko biyu an gama da guda, amma wallahi aikin da ke cikinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Da a obin nake yi, kuma kunna ƙaton obin har sau biyu saboda ɗan dankali goma sha biyu yana min ciwo a rai, ga jiran ya ɗau zafi, ga kicin ɗin gaba ɗaya ya koma kamar kai ma gasa ka ake. Toh sai naga hoton dankalin nan a jikin kwalin na'urar, cuku na gangarowa ta gefe, albasa tayi ɗas a kai, nace shikenan an gama da ni.

Bazan kama sunan kamfanin da ya ƙera tawa ba, don kar wani yace talla nake ko kuma ɓata suna, kuma dai yawancinsu kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Tawa mai kwando ɗaya ce da ake jawowa kamar durowa, lita biyar da rabi, wat 1700, zafinta daga digiri 80 zuwa 200, taima kuma minti 60 ne ƙarshenta. Ta zo da ɗan littafin girki mai hotuna, kuma wannan littafin shi ne wanda muke da shari'a da shi, zan zo kansa.

Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne sunan nan na furaya, wato abin suya a Turance, ruɗi ne kawai, ba suya take yi ba. Ƙaramin obin ne mai fanka. Akwai ƙarfe a sama mai ɗaukar zafi irin na hita, fanka mai ƙarfi a bayansa tana hura iskar zafin ƙasa tana zagaya abincin ta ramukan kwando ta koma sama, iyakarta kenan. Kamfanin Philips ne ya fara fito da irin wannan a 2010 a wani baje kolin kayan lantarki a Berlin, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij ne ya ƙirƙiro ta, daga nan kowa ya shiga yi. Na kawo wannan ne don in kin gane cewa busasshiyar iska mai zafi ce ke aiki a ciki, to kin riga kin san abin da zata iya da abin da bazata iya ba tun kafin ki ɓata kayanki. Ni ban tsaya na yi wannan tunanin ba sai da na ɓata albasa har sau uku.

Mu fara da inda ta burge ni, wato gashin dankalin. Nan kam babu ƙorafi ko ɗaya. Ina zaɓar masu girman ƙwan kaza, kuma duk su zo kusan kai ɗaya don kar wani ya dahu wani yana ɗanye, in wanke su da soso sosai tunda da ɓawon za'a ci, in goge su su bushe ƙarau, in soka musu cokali mai yatsu sau uku ko huɗu saboda tururi ya samu hanya, in shafa mai kaɗan da gishiri. Duk wanda naga yayi kore ko ya fara tsiro ina ware shi, koren nan alama ce ta wani sinadari da ake kira solanin, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki, gashi kuma baya kashe shi. Digiri 200, minti 22 zuwa 25, in juya su sau ɗaya a tsakiya. A obin ɗina irin wannan girman yana cin minti 40 ko fiye, banda lokacin da obin ɗin ke ɗauka kafin yayi zafi. Kuma ba saurin kaɗai ba, ɓawon ma ya fi kyau, yana fitowa ƙamas yana ɗan ƙara in ka taɓa, cikin kuma luguf kamar auduga. Ga wannan girkin ɓawo mai ƙarfi shi ne komai, don shi ne kwanon da zai riƙe haɗin, in ya yi laushi yana yagewa wajen ƙwaƙula sai kiga kin koma yin faten dole. Kar a naɗe shi da foyil, naɗewa na riƙe tururi ne sai ɓawon ya jiƙe kamar dafaffe, an rasa amfanin na'urar kenan gaba ɗaya.

Irin dankalin ma yana da tasiri. Akwai mai gari wanda in ya dahu yake warwatsewa, irin su Russet, akwai kuma mai santsi wanda yake riƙe jikinsa ko an dafa shi. Mai garin ya fi ba da haɗi mai laushi mara nauyi, mai santsin ɓawonsa siriri ne amma baya saurin fashewa, na gwada duka biyun a cikinta kuma duka sun yi, sai dai mai santsin yana so a yi masa a hankali wajen murƙushewa don yana saurin yin danƙo.

In sun fito ina barinsu minti goma su sha iska yadda hannu zai iya riƙewa, ba wai su huce gaba ɗaya ba, don dankali in ya huce sitacin cikinsa yana ɗaurewa sai ya ƙi murƙushuwa da kyau ya bar gudaji. In raba kowanne biyu, in sa ƙaramin cokalin shayi in ƙwaƙule, in bar ɗan kauri kamar rabin santimita a jikin ɓawon. Wani ɗan dabara da na koya bayan dankali ya sha kifewa a faranti, a ɗan shafce ƙasan kowane ɓari da wuƙa kaɗan don ya zauna daram. Sai in mayar da ɓawon babu komai a ciki cikin kwandon, a kife, minti huɗu, su ƙara ƙarfi. Wannan matakin a obin ƙiwa take hana ni yi, a nan kuwa jawo durowa ne kawai ka mayar.

Cikin da aka ƙwaƙule cokali mai yatsu ya ishe shi. Dan Allah kar a kai shi bilenda, na taɓa yi tun kafin ma in sayi na'urar nan, wuƙar bilenda tana farfasa ƙwayoyin sitacin ne sai abin ya koma gam, ana ja yana biyowa, babu cukun da zai ceto shi. Bota tun yana da zafi, kirim mai tsami cokali biyu ko uku ko yogot mara suga mai kauri, gishiri, masoro, lawashi yankakke, rabin cukun a ciki, rabi a ajiye na sama, sai albasar ita ma kashi biyu, wata a cikin haɗin wata a kai.

Toh albasa. Nan ne muka ɓata da na'urar nan.

Littafin da ta zo da shi cewa yayi a yanka albasa sirara, a yayyafa mai, a zuba a kwando, digiri 180, minti 15, a girgiza sau biyu, wai an samu albasa mai ruwan zuma. Ni kuma da na saba tsayuwar kusan awa guda a gaban kasko naji kamar an min albishir, ko tambaya banyi ba. Na yi yadda suka ce tiryan-tiryan. Tun a minti na bakwai na fara jin ƙauri, na jawo kwandon naga siraran sun yi baƙi ƙirin sun nannaɗe, masu ɗan kaurin kuma suna nan fari fat ko laushi basu yi ba, wasu sun zurare ta ramukan kwandon sun faɗa ƙasa suna babbakewa a can, dama ance ruwa ba sa'an kwando bane, ashe albasa ma haka, wasu kuma fankar ta kwashe su ta manna a jikin ƙarfen sama sai hayaƙi. Na daure na ƙarasa minti goma sha biyar ɗin don in ga ƙarshen abin. Abin da ya fito busasshe ne mai ɗaci, na tsince wanda ya fi dama-dama na ɗora a kan dankalin haka nan, ƙanwata tana shigowa ta kalli farantin tace, Yaya wai ganyen shayi kika barbaɗa a kai? Ban ma iya jin haushi ba don gaskiya ta faɗa.

Karo na biyu nace ƙila zafin ne yayi yawa, na sauke shi zuwa 150 na ƙara mai, na yanka da kauri. Ya ɗan fi, amma dai gasasshiyar albasa na samu mai bakin ƙuna, ba wadda nake nema ba. Karo na uku na sa ta a ƙaramin kwanon gashi a cikin kwandon, na rufe da foyil na danne shi sosai don kar iska ta ɗaga, ina buɗewa duk bayan minti bakwai ko takwas ina juyawa, daga baya na cire foyil ɗin. Wannan kam ta yi laushi ta ɗan yi zaƙi, ana iya ci, amma minti 45 ta ci, gefe-gefen kwanon ya ƙone tsakiyar bata gama ba, kuma kwanon albasa biyu kawai yake ɗauka. Wato ban rage lokaci ba, ban rage tsayuwa ba, kuma abin bai kai na kasko ba. To ina ribar?

Da na zauna na yi tunani sai naga ai laifina ne da na yarda tun farko. Albasa kusan kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne. Muddin ruwan nan na jikinta zafinta baya wuce digiri 100 da wani abin kirki, shi kuwa canjin kala da ɗanɗanon da ake nema baya kankama sai can sama da haka. Abubuwa biyu ne ke faruwa, sugan da ke cikin albasar yana narkewa yana yin duhu, sannan kuma sugan yana haɗuwa da sinadaran furotin su ba da wannan ƙamshin na gasasshen abu, shi ne abin da wani masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912 har ake kiran abin da sunansa, kuma shi yafi gudu daga wajen digiri 140 zuwa sama. A kasko albasar tana kwance a jikin juna, tana sakin ruwanta a hankali, tana dahuwa a cikin ruwan nata har ta narke, ruwan na ƙafewa sugan na taruwa yana kauri, yana kamawa a gindin kasko, ki kankaro ki juya ya shiga jikin sauran, ya sake kamawa ki sake kankarowa, haka haka har duk ta zama kala ɗaya. A eya-furaya kuwa iskar tana busar da bayan kowane sili nan take, bakin ya bushe ya wuce ruwan zuma ya tafi gawayi alhali cikin ko dahuwa bai yi ba, kuma babu gindin kasko da zai tara wannan abin daɗin. Abin da ya sa ta iya ɓawon dankali shi ne dai ya sa ta kasa albasa.

In dai albasa mai ƙaras-ƙaras ake so irin ta barbaɗawa, wannan wata magana ce daban, tana iya yi in an kula. Amma ba ita ce a hoton kwalin ba, kuma ba ita littafin ya yi alkawari ba, abin da ya ban haushi kenan. Wanda bai taɓa yin ta a kasko ba zai ɗauka hannunsa ne bai iya ba.

Yanzu ga yadda nake yi, na'urar na gefe tana aikin dankalinta ni kuma ina kan kasko. Kasko mai kauri mai faɗi, manyan albasa huɗu wajen kilo ɗaya, kar yawan ya tsorata ki don in ta gama bata fi kofi ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ina yanka ta a tsaye daga kai zuwa gindi, haka ta fi riƙe jikinta bata zama kunu ba, kuma wuƙa mai kaifi tana rage hawaye don bata murje albasar sosai. Bota da ɗan mai a haɗe saboda bota ita kaɗai tana saurin ƙonewa, gishiri tun farko don ya jawo ruwan. Ina zuba ruwa kamar rubu'in kofi in rufe minti goma a wuta matsakaiciya, tururin ya kwantar da ita duka lokaci ɗaya, wannan kaɗai ne gajeriyar hanyar da na gwada ta yi aiki da gaske. Sai in buɗe, ruwan ya ƙafe, in rage wuta, daga nan sai juyi duk bayan minti uku ko huɗu, in naga gindin yayi duhu yana neman kamawa in zuba ruwa cokali ɗaya in kankare. Minti 40 zuwa 50 gaba ɗaya. A ƙarshe ɗigon binega kaɗan, don zaƙin albasa da maiƙon cuku in suka haɗu babu ɗan tsami suna saurin ginsar mutum, da guda uku sai kiji ya isa.

Akwai masu sa bekin soda ɗan mitsitsi don ta yi saurin yin duhu, kuma tabbas tana yi, soda na rage tsamin albasar ne shi kuma canjin kalar ya fi sauri a haka. Na gwada. Kalar ta zo da wuri amma albasar ta narke ta zama kamar jam, kuma in hannu ya ɗan zarce sai kiji wani ɗanɗano kamar sabulu a ƙarshen harshe. A cikin haɗin dankalin zata iya ɓuya, a sama kuwa inda ido ke gani bana so. Suga kuma ban ga dalilin ƙarawa ba sam, albasar da aka ba lokacinta bata buƙata.

Tunda ba'a fafe gora ranar tafiya, yanzu tun ana gobe nake yin albasar, ko in yi da yawa in raba a ƙananan robobi in jefa a firiza. A firji tana kwana uku zuwa huɗu lafiya lau.

Sai gashi na biyu, bayan an cika ɓawon an ɗora cuku, nan ma na'urar ta dawo da mutuncinta amma da sharaɗi. Ranar farko na barbaɗa gurzajjen cuku a sama na tura kwandon, da na buɗe rabin cukun baya kan dankalin, fanka ta watsa shi ko'ina ya narke a jikin kwando. Abin da ke hana haka shi ne a danna cukun da yatsa ya manne a jikin haɗin, ko a yanka shi falle-falle a ɗora maimakon gurzawa. Albasar sama ita ma in aka barta tsirara a iskar nan minti biyu ya isa ta ƙone, duk wahalar awa guda ta tafi a banza, don haka ko dai a sa ta a ƙarƙashin cukun ya rufe ta, ko a jira sai an sauke a ɗora ta da ɗuminta. Ni na fi son a ƙarƙashi kaɗan, a sama kaɗan bayan an sauke. Digiri 180, minti shida zuwa bakwai, cukun yana tafasa yana ɗan yin ɗigo-ɗigon ja, shikenan a cire. Kar a tafi amsa waya, tsakanin yayi da ya ƙone a na'urar nan minti ɗaya ne.

Maganar cuku kuwa, wanda ake sayarwa a gurje cikin leda ana barbaɗa masa garin sitaci ko wani abu makamancinsa don kar ya dunƙule, kuma wannan garin yana hana shi narkewa sumul, a iskar eya-furaya ma abin ya fi muni don sai ya bushe a sama kamar ɓawon itace. Sayi dunƙule ki gurza da gireta, minti biyu ne. Mozarela ita ke jan zaren nan da ake so a hoto amma ɗanɗanonta salam ne, ceda tana da ɗanɗano amma wadda ta daɗe sosai tana tsatso mai in zafi yayi yawa sai kiga mai kwance a kan dankalin, don haka nake haɗa su, kashi biyu ceda kashi ɗaya mozarela. Wanda ya fi dacewa da albasar nan a bakina shi ne Gruyère na ƙasar Suwizalan, shi ake yawan ɗorawa a kan miyar albasar nan ta Faransawa, yana narkewa lumui kuma yana da wani ɗan gardi, sau biyu na yi da shi kuma duka biyun farantin ko minti biyar bai yi ba.

Inda kuma zan rage mata maki bayan albasa shi ne girma. Lita biyar da rabi a rubuce kamar wani abu ne, amma zurfi ne ya cinye lissafin, shi kuwa wannan girkin faɗi yake so tunda ba'a ɗora wani kan wani. Ɓari goma sha biyu take ɗauka in an matsa, goma in ana so iska ta zagaya da kyau. In mu huɗu ne a gida ya wadatar. Ranar da na yi baƙi mutum tara sai da na yi zubi huɗu, kafin na ƙarshe ya fito na farko ya huce cukun ya daskare, ina ta zirga-zirga tsakanin kicin da falo ko gaisawar kirki bamu yi ba, maigidan ma sai da ya leƙo yace wai ko a kunna obin ɗin ne, na harare shi amma dai gaskiyarsa ce. A ranar taro obin ya fi ta, tire ɗaya ya kwashe talatin. Wanda ke yawan tara mutane gara ya nemi mai faɗi ko mai kwando biyu.

Ƙara tana da ita, kamar an kunna na'urar busar da gashi a ɗaki na kusa, ana sabawa. Wanda ban saba da shi ba har yau shi ne kukan da take yi in ta gama, sau biyar take tsuwa kuma babu madannin rage shi. Kwanakin farko tana ɗan warin sabuwar roba, na kunna ta babu komai minti goma sha biyar sau biyu ya tafi. Tana fitar da iska mai zafi ta baya, sai a ja ta nesa da bango kaɗan kuma kar a sa ta ƙarƙashin kabad daf da katako.

Wanki ba laifi in an yi da wuri. Cukun da ya ɗiga ya ƙone a ramukan kwando shi ne ɗan aiki, jiƙawa nake a ruwan ɗumi da sabulu minti ashirin sai ya saki da kansa, bana kai masa soson ƙarfe ko wuƙa don shafen nan mai hana kamu yana kankarewa, nawa ma duk da lallaɓawar da nake ya fara ɗan gogewa a kusurwa ɗaya inda farantin ciki ke gugar bango, a wata biyar kacal, wannan bai min daɗi ba. Man feshi na gwangwani ma na daina sa masa don yana barin wani danƙo-danƙo da baya fita, buroshi nake sawa in shafa mai. Takardar gashi mai ramuka tana rage wankin, amma kar a taɓa sa ta ita kaɗai lokacin da na'urar ke ɗaukar zafi, iska zata ɗaga ta ta kai ta ga ƙarfen sama ta kama da wuta, sai an ɗora abinci ya danne ta. A riƙa kuma leƙa ƙarfen saman in ta huce an zare ta daga soket, can ne maiƙo ke taruwa ba'a gani, shi ke kawo hayaƙin da mutum zai rasa daga ina yake.

Wani wajen da ta ci maki ba zato shi ne ɗumame. Ragowar dankalin da ya kwana a firji in aka sa shi a maikurowef ɓawon laushi yake ya zama kamar tsumma, a nan kuwa digiri 170 minti biyar ya dawo kamar yanzu aka yi. Har na koma cika su tun da safe in jera a firji, baƙi na sallama in tura zubin farko, sai dai a ƙara minti biyu ko uku tunda da sanyinsu suka shiga. Abin da ya rage a faranti kuma kar ya wuce awa biyu a waje, akwai kirim da cuku a ciki.

In za'a ce in ba ta maki cikin biyar, a kan wannan girkin dai uku da rabi zan bata, dankali da cuku sun ci cikakke, girma da shafen kwando sun ja ta ƙasa, littafin kuma shi kaɗai ya cinye rabin maki. In yau ta lalace zan sake sayen wata, amma mai faɗi, kuma bazan ko buɗe littafin ba.

Satin da ya wuce ƙanwar tawa mai maganar ganyen shayi ta zo ta are ta wai ƙawayenta zasu zo, na haɗa mata da robar albasa ɗaya daga firiza nace ta lallaɓa ta isa. Bata isa ba mana, don rabi a tsaye ta cinye ta da cokali. Can da yamma sai ga kiranta, Yaya dan Allah wane madanni ne na albasa a jiki, naga akwai na kaza akwai na kifi. Nace mata ɗora kasko, ki rage wuta, ki jawo kujera.